Kwafin manhaja a Cyberpunk 2020: yadda alƙalin wasa zai bi da ɗan kutse

Cyberpunk 2020 wasan tebur ne na labari: kowane ɗan wasa yana ɗaukar matsayin wani mutum a duniyar nan gaba, alƙali yana tafiyar da labarin, dayis yana yanke hukunci. Duk inda aka kafa teburinsa a Bauchi, a ɗakin ɗalibai a Yelwa ne ko a zauren wani gida a Jahun, tambayar nan sai ta taso: "Alƙali, tunda na sayi manhajar nan, me zai hana in kwafe ta in sayar?" Wanda ya tashi yana ganin masu tura fina-finai a kasuwar Wunti suna cika memori kafin mai waya ya gama ciniki, ba zai yarda cewa kwafi ya gagara a duniyar da ake jona ƙwaƙwalwa da kwamfuta ba. Kuma da gaskiyarsa. In ka ce masa ba ya yiwuwa, ka sage masa gwiwa. In ka sakar masa mara, kafin wata biyu a cikin labarin kuɗi sun daina damun kowa, ba wanda zai sake karɓar aikin kasada. Maganin shi ne kwafi ya yiwu, amma ya ci lokaci, ya zo da haɗari, ya kuma bar sawu.

Fara da abin da ke cikin littafin ƙa'idojin, wanda Mike Pondsmith ya tsara, kamfanin R. Talsorian Games ya fitar a 1990. Kowace manhaja tana da ƙarfi da kuma girma, ana auna girman da MU, wato ma'aunin gurbin ajiya (Memory Units). Na'urar kutse ta gama-gari MU 10 take ɗauka, memori ɗaya kuwa MU 1. Mai son kwafi yana buƙatar manhajar Backup, da abin karanta memori, da memori daidai girman abin da zai kwafa: mai MU 3 memori uku za ta ci. Wannan ya shafi manhajojin fasa katangar bayanai, da na warware lambar sirri, da na ɓuya. Kada ka sa a jefa dayis a kansu, ɓata lokaci ne. Ɗan kutsen da ke ajiye kwafin kayansa a gida mai hankali ne, domin ana goge manhaja a tsakiyar faɗa.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajojin da ke kashe wasu manhajoji, da waɗanda ke kai wa mutum hari a ƙwaƙwalwa, irin su Hellhound mai kuɗi yuro-dala (kuɗin cikin wasan) 10,000. Waɗannan Backup ba ta taɓa su. Suna da kariyar da ke goge memorin a lokacin kwafi. Hanya ɗaya ce: makin basirar ɗan kutsen, a haɗa da makin ƙwarewarsa ta rubuta manhaja, a haɗa da dayis mai fuska goma, jimlar ta kai 28. (Dayis ɗin lido fuska shida ne, ba zai yi ba. In ba ku da mai goma, ku ware katin karta daga 1 zuwa 10, a riƙa cakuɗawa bayan kowane zare.)

Yi lissafin a gaban ɗan wasan kafin ya jefa, don kada a yi rigima daga baya. Mai basira 8 da ƙwarewa 6 yana da 14, saura 14 ke nan. Dole ya samu 10, wanda ke ba shi damar sake jefawa a ƙara, sannan ya samu 4 ko sama. Kashi 7 cikin 100 ke nan. Ko gwanin gwanaye mai 10 da 10 sai ya samu 8 zuwa sama, wato kashi 30. Alƙalai da yawa kan tausaya su rage lambar zuwa 20, kuma kuskure ne, domin a 20 mai 14 ɗin nan rabin lokaci zai ci. Bar 28 a inda take, ka sayar da sauƙin. Daga nan zuwa ƙasa dokokin gida ne, ba na littafi ba: kowane mako guda da ya kwashe yana nazarin kariyar, ƙara masa 1, iyaka 3. In ya yi hayar ɗakin aiki mai kayan kirki, ƙara 2. Mai 14 ya zama mai 19, damarsa ta koma kashi 20, amma mako uku sun tafi, kuɗin haya ya fita, kuma mai ɗakin ya ga fuskarsa.

Idan ya faɗi, duba tazarar da ya faɗi da ita. Daga 1 zuwa 4, memorin ne kawai ya ƙone. Daga 5 zuwa 9, ta asalin ma ta goge, dubu goma sun bi ruwa. Tazarar 10 zuwa sama, ko kuma dayis ya nuna 1, manhajar ta farka ta yi aikin da aka gina ta dominsa, a kan wanda ke jone da ita. A buga harin kamar yadda ake buga kowane hari, a ba shi damar kare kansa ko ya fizge waya. Wanda ya yi aikin da allon madannai maimakon jona kansa ya tsira daga wannan, sai ka ninka masa lokacin.

Sai batun tsufa. Kwafin sata ba ya samun gyaran da kamfani ke aikawa, su kuma masu tsaro kullum suna sabunta nasu. Don haka duk wata guda na cikin labari, ba na kalandar bango ba, a rage ƙarfinsa da 1. Ɗan kutse zai iya maido da maki ɗaya da aikin yini guda in jimlarsa da dayis ta kai 15, ko 20 ga manhajar hari. Kwafin da aka ciro daga kwafi da ragin 1 yake farawa. Wannan doka kaɗai ta isa ta hana a raba wa kowa a tebur Hellhound kyauta.

Kasuwa kuwa ba ta son abu ya yi yawa. Kwafin farko rabin kuɗi, kowane na gaba a cikin wata ɗaya a sauke kashi 10 na ainihin farashin: 5,000, sai 4,000, sai 3,000. Bayan kowane ciniki, alƙali ya jefa dayis a ɓoye. In lambar ba ta wuce adadin kwafin da aka sayar a watan ba, labari ya kai kunnen NetWatch, 'yan sandan yanar gizo na cikin wasan, ko kamfanin da ya rubuta manhajar. A kwafi na uku haɗarin ya kai kashi 30. In ta hannun dillalin tawagar aka bi, cire 1 daga adadin, shi kuma ya yanki la'adarsa, ka ga shi ma ya samu abin yi. Kuma kada ka turo 'yan bindiga nan take. Bari a fara da mai saye da ya daina ɗaukar waya, sai baƙuwar mota da ta kwana biyu a bakin layi.

In su ne masu sayen, jefa musu a ɓoye: 1 ko 2, akwai ƙofar baya da mai sayarwa ya bari, 3, ƙarfin bai kai yadda aka faɗa ba da maki 2. Binciken yini guda da jimlarsa ta kai 20 zai tona kowanne.

Abin da ya fi rusa wannan tsari mantuwa ce. A yanka kwali, kowace manhaja da katinta: suna, ƙarfi, MU, ta asali ce ko kwafi, da watan da aka kwafe ta. A rubuta da fensir, tunda lambar ƙarfin za ta yi ta canzawa. Abin da dayis ɗin ɓoye ya nuna, alƙali ya rubuta shi a nasa littafin, ba a bayan katin ba, don 'yan wasa suna juya kati su leƙa.