Turare mai ƙamshin alawa, wanne ya dace da zafin Legas?

'Yar'uwa in kin shiga kasuwar Balogun neman turare mai ƙamshin kek ko alawa, kar ki tsaya shinshina murfi, ki fesa a hannu ki zagaya kasuwa kamar minti 30, don wanda ya fara bugun hanci ba shi ke zama ba. Zafin Legas da gumi suna ƙara wa zaƙi nauyi, mai cakulan cikin danfo (bas ɗin haya) da rana wallahi hawa kai yake har na kusa da ke ya kau da fuska. Irin turaren Khamrah na kamfanin Lattafa, mai ƙamshin dabino da kirfa, bar shi sai biki da dare. Da rana vanila mara nauyi, fesa biyu ya isa. Ni dai mai kwakwa bai min ba, sai ka ce man kitso.