Yadda za ka bi sawun kason ƙaramar hukumarka daga Abuja

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aiki a ofishin ma'aji na wata ƙaramar hukuma a nan Kano, kuma har yau idan aka taso da zancen kason wata-wata a majalisarmu ta bayan la'asar a Ƙofar Mata, raina ɓaci yake. Kowa na cewa "an cinye", amma ka tambayi mutum nawa aka turo, sai ya yi shiru. Wanda bai san nawa ne a tukunya ba, yaya zai gane an yi masa ƙwange?

Fara da riƙe lissafin nan a ka. Kowane wata kwamitin rabon kuɗin tarayya, FAAC, yana zama ya raba abin da ya shiga asusun tarayya. Kafin a raba, ana cire ladan hukumomin da suka tattaro kuɗin, irin su kwastan, a kuma ware kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo su. Abin da ya rage, a kowace naira ɗari gwamnatin tarayya na ɗaukar 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Tun 2004 ake kan wannan ma'auni. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da aka saya, kuwa tukunyarsa daban, kada ka cakuɗa su.

Na biyu, ka san inda lambobin suka samo asali, don kada a ruɗe ka da zancen "kuɗin man wasu kuke ci". Rigimar ta girmi man fetur. Tun 1946 Turawa suka kafa kwamitin Phillipson a kanta. A 1958 kwamitin Raisman ya ce rabin kuɗin ma'adinai ya koma yankin da aka haƙo su, harajin amfanin gona da aka fitar waje shi ma ya koma inda aka noma. Lokacin dalar gyaɗa na tsaye a Kano, jirgin ƙasa na kwasa zuwa Ikko, tsarin ya yi wa Arewa daɗi. Mahaifina ɗan dako ne a wajen dalar, kafaɗarsa har ya rasu da tabon buhu. Da soja suka karɓi mulki, aka yanka ƙasa jihohi 12 a 1967, mai ya rinjayi gyaɗa, sai kuɗi suka tattaru a tsakiya. Kason inda arziki ya fito ya yi ta zaizayewa har ya kai kashi 1.5 a shekarun 1980, ya ɗan ɗaga zuwa 3 a 1992, kafin sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce kada ya gaza 13. A ganina mutanen Neja Delta na da gaskiya a kukansu, mu ma da namu tarihin.

Sannan ka fahimci yadda ake raba na jihohi a tsakaninsu: kashi 40 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, sai goma-goma na faɗin ƙasa, ƙoƙarin tara harajin cikin gida, da ci-gaban jama'a kamar makarantu da asibitoci. Shi ya sa ƙidaya ke zama faɗa. Kuma tunda kowace ƙaramar hukuma na da nata kason, 'yan Legas ke ƙorafin suna da ƙananan hukumomi 20, Kano na da 44, bayan an cire mata Jigawa a 1991.

Yanzu aikin hannu. Ɗauki wayarka, shiga shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, nemi rahoton FAAC na watan da kake so. Gangara zuwa Kano, nemo sunan ƙaramar hukumarka, Dala ce ko Fagge ko Gwale. Sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ja layi: wata, kason asusun tarayya, VAT, jimla. Cika wata shida a jere, wata ɗaya ba ya nuna komai.

Ga inda ake sheƙa ayar. Shekaru da dama kuɗin ba ya zuwa sakatariya kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. Na sha riƙe takarda mai lamba babba a hannu, abin da ya iso mana kuwa da ƙyar ya biya albashi, rijiyar burtsatse ɗaya ta gagara. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, don haka sai an bibiya.

Ɗauki littafin nan, ku haɗu ku uku ko huɗu da dattijon unguwa, ku je wajen kansilanku. Ku gaisa yadda ya kamata, ban da hayaniya. Ka buɗe shafin ka ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da Abuja ta ce ta turo a watan jiya. Nawa ya shigo asusunmu, nawa aka biya malaman firamare, ina ragowar?" Rubuta amsarsa a ƙasan lambar, ka sa kwanan wata.