Yadda na gyara tom ɗin Ludwig da ke sunkuyawa, ban huda katako ba

Tom (ƙaramar gangar da ake ratayewa a jerin ganguna) mai inci 13 na tsohon jerin gangunan kamfanin Ludwig na shekarun 1960 ya riƙa sunkuyawa ana tsakar kiɗa, amonsa kuma ya shaƙe. Na ƙara ɗaure noti, na canza fata, duk a banza.

Da na auna sai na gano maƙalin da wani ya sa a baya, wato ƙarfen jikin ganga da ke kama sandar da ke ɗauke da ita, na sanda mai kaurin milimita 10.5 ne, alhali sandar asali 9.5 ce. Kamun ba ya cika, ga notunansa sun danne katako mai falle 3.

Sabon rami yana karya darajar tsohuwar ganga, don haka na sayo zoben rataya irin na RIMS, wanda ke riƙe ganga ta kusoshin ɗaurin fata ba ta katako ba, na gangar inci 13 mai kunnuwa 6, wato ƙarafan jikin ganga da kusoshin ke shiga. Na cire maƙalin, na bar ramukansa yadda suke. Na kwance kusoshin ɗaurin fata 4 da ke jere a sama, na zura kowanne ta robar zoben, na mayar da shi kunnensa. A nan ake kuskure: idan ƙarfen zoben ya taɓa katako ko bakin ganga, amon zai sake mutuwa, sai an bar 'yar tazara. Na ɗaura maƙalin a farantin zoben, na haɗa shi da sanda mai lanƙwasa ta 10.5 da aka maƙala a sandar da ke ɗauke da kuge (faifan ƙarfen da ake bugawa), na sa makullin tsayi a ƙasan maƙalin don ya hana shi zamewa. A juya ƙafa ɗaya ta sandar kugen ta zauna daidai ƙarƙashin tom, in ba haka ba nauyi zai kifar da ita.

Alhamdu lillahi, ya tsaya cak, amo ya buɗe.