Yadda Ɗan Karkara Zai Shirya wa Digiri na Biyu a Fannin Taimakon Al'umma

Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu na Jigawa da Kano ya san labarin famfon tuƙa-tuƙa da wani mai hali ya gina, aka yi addu'ar buɗewa, aka sha ruwansa shekara ɗaya ko biyu, sannan robar ciki ta cinye, aka rasa wanda zai sayi sabuwa, mata da yara suka koma rijiyar da suka baro. Mai kyautar ya yi niyyar alheri, ladansa yana wurin Allah, amma ba a tanadi kuɗin gyara ba, ba a kuma ɗora wa kowa alhakin kula ba. Karatun da nake magana a kai, wato digiri na biyu a fannin taimakon al'umma, an gina shi ne a kan irin wannan giɓi. Yana koyar da yadda ake tara dukiyar kyauta a sarrafa ta, da yadda ake kafa sana'ar da ribarta ke komawa ga magance matsalar jama'a, da yadda ake auna ko taimakon ya canja rayuwar waɗanda aka yi dominsu.

Kafin ka sayi fom, ka sayi littafin rubutu mai kauri. Wannan ita ce shawarar da na fi bai wa muhimmanci, domin matasanmu da yawa suna hidimar gari shekara da shekaru, amma in aka ce su kawo shaida sai su tsaya shiru. Idan kai ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari, ko kana riƙe wa mata lissafin adashi, ko kana cikin masu zagayawa karɓar zakkar hatsi bayan girbi, to ka rubuta komai da kwanan wata: dami nawa aka tara, gida nawa aka bai wa, nawa aka kashe wajen dako, wa ya sa hannu. Na taɓa ganin littafin wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, bangonsa duk ya sha mai, an ja layi da jan biro, gefe ɗaya kuɗin tiyar gyaɗa da na niƙa, ɗaya gefen abin da aka samu a man da ƙulin. Daga shafukan nan kaɗai mutum zai gane watan da suke faɗuwa da dalilinsa, kuma irin wannan ne malaman fannin suke kira bayanan bincike. In da hali, ku yi wa ƙungiyar rajista, ko dai a matsayin ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha, ko a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, domin wasiƙar da ta fito daga ƙungiya mai rajista ta fi ƙarfi a idon masu tantancewa.

Daga nan sai zaɓen kwas. A jami'o'inmu na kusa za ka fi samun wannan ilimi a warwatse cikin wasu sassa. Jami'ar Bayero tana da digiri na biyu a nazarin ci gaban al'umma, tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote ga mai son ɓangaren gudanar da sana'a, tana kuma da cibiyar nazarin bankin Musulunci da hada-hadar kuɗi. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, sannan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da amfani ga malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ba zai iya barin wurin aikinsa ba. Abin da aka saba nema shi ne digiri na farko mai daraja ta biyu, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare mai kiredit biyar. Wanda ya fita da daraja ta uku ko yake da babbar difloma yakan fara da diflomar gaba da digiri, kuma ba abin kunya ba ne. Ka nemi tiranskirif ɗinka, wato takardar makin darussan da ka yi a jami'a, tun da wuri, domin shi ne ya fi ɓata wa mutane lokaci.

A waje kuwa akwai wuraren da suka keɓe kansu ga fannin. Jami'ar Indiyana a Amurka tana da makaranta sukutum ta nazarin kyauta da sadaka mai ɗauke da sunan iyalan Lilly. A Ingila akwai Cibiyar Skoll mai nazarin sana'ar magance matsalar jama'a a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Oksfod, wadda aka kafa a 2003. A ganina, ɗan karkararmu ya kamata ya fara duba Afirka ta Kudu, inda Jami'ar Kef Tawun take da Cibiyar Bertha mai irin aikin Skoll, Jami'ar Wits ta Johannesbag kuma take da cibiyar nazarin kyauta irin ta Afirka, saboda can ba za a yi mamaki ba in ka ce gayya da adashi da gudummawar biki su ma tsarin taimako ne da ya cancanci nazari.

Kuɗin karatun waje ya fi ƙarfin yawancinmu, don haka maganar tallafi ce. Chevening, na gwamnatin Birtaniya, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, yana kuma sharɗanta ka dawo gida ka zauna aƙalla shekara biyu bayan gamawa. Aikin sa kai yana shiga lissafi, a nan ne littafin nan naka zai yi maka rana, sai dai ka dogara da abin da ka yi bayan kammala digiri na farko. Ana buɗe shafin neman tallafin wajen watan Agusta a rufe da kaka, daidai lokacin da aikin gona ya fi cin mutum, saboda haka ka rubuta amsoshinka tun da bazara. Akwai kuma tallafin ƙasashen Kwamanwels da na Gidauniyar Mastercard. Jami'ar da za ka je tana iya neman jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci, wasu kuma suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC, sai ka karanta sharaɗin kowacce a shafinta.

Wajen rubuta takardar bayanin kai, wadda kake faɗin dalilinka na neman karatun a cikinta, ka guji maganar da kowa zai iya yi, irin ta son kawar da talauci a Afirka. Ka kama matsala ɗaya ka bi ta har gindinta. Manomin riɗi ko zoɓo da ke sayar da amfaninsa da araha ranar da ya sheƙe, saboda bashin taki ya taso shi gaba, alhali buhun zai yi daraja a Maigatari ko Dawanau bayan 'yan watanni, matsala ce da za a iya gina sana'ar ajiya da lamuni a kanta. Haka ma mutanen Auyo da Haɗeja da ambaliyar 2022 ta cinye musu gonaki. Za ka ji ana yawan kawo misalin Muhammad Yunus, wanda a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladash, abin da ya zama Bankin Grameen mai bai wa talakawa ƙananan rance a 1983, har aka ba shi lambar Nobel a 2006. Ka san labarin, amma ka sani tsarinsu yana da kuɗin ruwa, mutanenmu kuwa da yawa ba za su taɓa shi ba. Ɗalibin da ya iya bayyana yadda rance marar ruwa, ko cinikin salam (biyan kuɗin kaya tun kafin a kawo su), ko waƙafi zai yi wannan aikin a ƙauyen Hausa, ya zo da abin da ajinsa ba shi da shi. Zakkar noma kanta, ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar da rabinsa ga wanda aka wahala wajen ban ruwa, fage ne na bincike, musamman ganin Kano tana da hukumar zakka da hubusi (wato waƙafi) tun 2003, masarautun Jigawa kuma suna da kwamitocinsu.

Game da masu ba da shaida, ka nemi malami ɗaya da ya koyar da kai a jami'a ya kuma tuna ka, da mutum ɗaya da ya ga aikinka da idonsa. Ka je ka gaishe su da kanka, ka kai musu taƙaitaccen bayanin abin da ka yi, ka ba su aƙalla wata guda. Dagaci ko limami zai iya tabbatar da hidimarka, amma yawancin fom ɗin suna buƙatar mai adireshin imel da zai amsa da Turanci, don haka ka tabbatar da wannan tun farko. Idan sabis ba ya kamawa sosai a garinku, ka adana kwafin kowace takarda a waya da kuma a imel, ka shiga hedikwatar ƙaramar hukuma ranar kasuwa ka tura, mako guda aƙalla kafin ranar rufewa.