Yadda na gyara yogot mai kofi na karin kumallo

A da, duk sanda na haɗa yogot da kofi da biskit na sa a firij, da safe sai in tarar ya tsinke ruwa ya taru a sama, biskit ɗin ya koma kamar kunu. Yanzu yogot ɗin nake juyewa a ƙyalle mai tsabta in ɗora kan rariya ya tsane a firij, sai ya yi kauri sosai. Nescafé ƙaramin cokali ɗaya nake damawa da ruwan zafi kaɗan in bari ya huce tukuna, don zafin ne ke tsinka yogot ɗin. Biskit kuwa tsomawa kawai a kofin a cire. Dabino biyu na niƙa maimakon suga, kirim kam na daina, nauyi yake min da safe wallahi.