Kurakuran da sabbin masu gwajin manhaja suke ta maimaitawa

Duk shekara ana turo mini matasa daga Jami'ar André Salifou da ke Damagaram su koyi gwajin manhaja, kuma kusan rami ɗaya suke faɗawa. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne ka yi gwaji a teburinka, da kanka, da tunaninka na ɗan boko. Ni wannan ya taɓa ƙona ni. Mun haɗa wa wani Alhaji mai sarin shinkafa da mai a Kasuwar Dole manhajar rubuta bashi. Na gwada komai: tarawa daidai, ragewa daidai, rasit yana fita tsaf. Abin da ban yi ba shi ne zama a shagon ko na awa ɗaya. Yaron shago idan aka ce masa "ɗari", sai ya buga 100. To ɗari a bakin ɗan Damagaram dala ɗari ce, wato sefa 500. In kuma aka ce "jika", ya buga 1000, wanda daidai ne. Ka ga an cakuɗa ke nan: wani layi a dala, wani a sefa, ba ma halin ka ninka komai sau biyar ka huta. Mako uku ana haka kafin Alhaji ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, injinka ya yafe wa mutane bashina." Gara ma ya zage ni. Dare huɗu muka yi da yaron muna bin tsohon littafi layi-layi, kuɗin aikin kuwa ban iya buɗe baki na nema ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani sashe yana lissafi da ma'aunin fam, wani da na mita. Dala da sefa ne, a sararin sama. Tun daga nan, duk akwatin da za a buga lamba sai na ga ma'auninsa rubuce a gefe, kuma kafin in sa hannu sai na miƙa wayar ga mai amfani da ita, na koma gefe na yi shiru ina kallon yatsunsa. Wasu abokan aiki na cewa ɓata lokaci ne. Su ba su kwana da littafin Alhaji ba.

Na biyu, gwaji da rezo mai kyau, wato intanet mai ƙarfi. Kana ofis a kan wifi, komai na tafiya sumul. Shi ko mai kaya yana hanyar Magarya, ya danna "aika", abin ya tsaya, ya sake dannawa, ya sake. Ciniki ɗaya ya shiga sau uku. Ni da gangan nake kashe intanet a tsakiyar aiki, in kashe wayar, in kunna, in ga me ya rage. Ina kuma da wata tsohuwar wayar Tecno mai fasasshen gilashi a aljihun tebur. Manhajar da ba ta tsira a kanta ba, ba ta gama ba.

Sai ku masu aiko mini da "ba ya aiki". Me ba ya aiki? A wace waya? Me ka danna, me ka sa ran gani, me ka gani? Haba! Ko wurin mai gyaran babur ka je ai za ka ce ga inda ƙarar take fitowa. Rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoton allo, ka sake bi ka tabbata matsalar tana dawowa. Wanda bai iya rubuta jimla uku a sarari ba, ya fara koyon wannan kafin ya dame ni da Selenium, manhajar nan da ake sa wa ta yi gwaji da kanta. Kuma kunyar mai rubuta manhaja don ya girme ka ba ta cikin aikin nan: gaishe shi da ladabi, sannan ka nuna masa ɓarakar.

Sauran ƙanana ne. An gyara abu, sake gwada na kusa da shi, don gyara kan haifi wata ɓarna. Buga Sa'adatu da Ɗanladi da ƴaƴa ka ga ko haruffan za su tsira, ka nemi Isufu alhali an rubuta Issoufou. Lambar Nijar takwas ce bayan +227, amma abokin cinikin Kano zai zo da +234 da lamba goma. Waƙafi ma: 12,500 a wurin mai Faransanci sha biyu da rabi ne, a wurin ɗan Daura dubu sha biyu da ɗari biyar. Buga duka biyun ka ga wanne manhajar ta ɗauka.