Yadda ake jinyar kai bayan dashen gashi a zafin Damagaram

Da yayana ya dawo daga Istanbul, inda aka yi masa dashen gashi, ƙeyarsa cike da ɗigo-ɗigon ja kamar an barbaɗa barkono, ni na yi jinyarsa. Takardar da likitocin suka ba shi babu maganar hula a cikinta, balle ƙurar hunturu ko kabu-kabu. Abin da muka koya shi zan faɗa, amma maganar likitanka ita ce gaba.

Likita yana ciro saiwar gashi ne daga ƙeya ya dasa inda sanƙo ya ci. Kamar dashen albasa ne a garka: sai ta yi wajen kwana 10 kafin ta kama. A cikin kwanakin nan ake yawan yin asara, kuma hannun mai kan ne yakan jawo ta.

Tun daga hanya za ka fara. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, don haka ka sunkuya sosai wajen shiga mota da fita, kada kan ya bugi ƙofa. In ka iso, ka kwana rigingine, ka tada kai da matashi biyu ko uku har mako guda. Goshi kan kumbura tsakanin kwana na 2 da na 4, wani lokaci har ya sauko idanu. Kada ka firgita, yana sacewa da kansa.

Wanki shi ne wurin da ya kamata a natsu. Yawanci ana farawa bayan kwana 2 ko 3. Ka tafasa ruwa ka bar shi ya huce, musamman in na ƴan garuwa ne. Ka murza sabulun da aka ba ka a tafin hannu har ya yi kumfa, ka ɗora kumfar a hankali ba tare da cuɗawa ba, sannan ka zuba ruwa da moɗa kaɗan-kaɗan. Kada ka tsaya ƙarƙashin famfo, kada ka goge da tawul. Ka bar iska ta busar. Kullum haka, har ɓawon ciwon ya zube da kansa tsakanin kwana 10 zuwa 14. Ƙaiƙayi zai zo, mai tsanani ma. Na sha kama hannun yayana cikin dare ina cewa, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri." In ka ɓanɓare ɓawo da farce tun bai nuna ba, kana iya fizgo saiwar, kuma wadda ta fita ta fita ke nan.

Sai hula. Na san magidanci ba ya son a gan shi kai tsirara, amma hula mai matse kai haramiyarka ce a kwana 10 na farko, haka rawani. Rana kuwa, wadda a Afrilu da Mayu take wuce digiri 40, tana ƙona sabuwar fata ta bar baƙin tabo. In fita ta zama dole, ka riƙe laima, ka fita da sassafe. Ka haƙura da kabu-kabu da kutsawa kasuwar Dole ranar Alhamis, ka ajiye ƙwallo da duk aikin da ke sa zufa har mako 2. Mai zaɓin lokaci ya yi aikin a cikin sanyi, sai dai ya kiyayi ƙura.

Sujada da shafar kai a alwala, ka tambayi likita kwana nawa za ka ɗaga, ka kuma tambayi malami, domin addini ya yi wa majinyaci sauƙi. Ka bar taba, tana rage jinin da ke ciyar da saiwar. Ƴan uwa za su kawo man kaɗanya da man shanu da kyakkyawar niyya. Ka yi godiya ka ajiye sai ciwon ya rufe.

Gashinmu a murɗe yake tun daga ƙarƙashin fata, shi ya sa ƙuraje kan fito lokacin toho. Wanda ya san tabonsa kan yi tudu ya sa ido a ƙeya sosai. Zazzaɓi, mugunya, wari, ko ciwon da kullum ƙaruwa yake, waɗannan ba na jira ba ne: a tafi asibiti ranar.

Tsakanin mako 2 zuwa 8 gashin da aka dasa zai zube. Ranar da yayana ya ga haka a madubi ya ƙi zuwa fada shan shayi, yana ganin kuɗinsa sun bi ruwa. Sandar gashin ce ta faɗi, saiwar tana ciki. Toho yana farawa a wata na 3 ko na 4, ba a yanke hukunci sai an cika shekara, tsakar kai ma takan kai wata 18. Tsohon gashin da ba a dasa ba kuwa yana iya ci gaba da zubewa, don haka ka tambayi likita batun magungunan rage zubar gashi, wato minoxidil ko finasteride, kada ka saya a tebur. Kuma ka gaya wa wanzaminka ya ajiye aska, almakashi kawai a wurin dashen sai likita ya ce to.